Yadda ake buga Rez: ka riƙe, ka tara takwas, ka saki

Ranar da na fara miƙa wa ɗan yayata manet, wato abin riƙewa mai maɓallai da ake buga wasa da shi, don ya gwada wasan bidiyo mai suna Rez, a ɗakina da ke unguwar Zango a Damagaram, bai yi minti uku ba ya ajiye ta a kan tabarma. Yaro ne da ya ƙware a wasan ƙwallo na PlayStation, duk gidajen wasan unguwa sun san hannunsa. Amma a nan sai ya dinga dannan maɓalli kamar mai kashe tururuwa, sautin da ke fita daga tele kuma ba kai ba gindi. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan mutumin ba ya juyawa ne? Na karkata sanda hagu, shi kuma gaba kawai yake yi." Na ce masa haka aka ƙera shi. Na karɓa na buga masa yankin farko yana kallo, kafin in kai rabi na ga ƙafarsa na bin kiɗan da kanta. Abin da na koya masa a daren nan da dararen da suka biyo baya shi zan shimfiɗa a nan, daki-daki, don wanda yake son shiga wannan wasa ya shiga ta ƙofar da ta dace.

Da farko ka gane irin wasan

Rez na cikin dangin wasannin harbi da ake cewa na kan dogo, wato wasan ne ke jan ka a kan hanyar da aka riga aka shata, kamar jirgin ƙasa a kan ƙarfensa. Mu a Damagaram ba mu da jirgin ƙasa, don haka misalin da ya fi zauna min shi ne na kabu-kabu. Kana baya, mai babur ne ke da hanya da gudu da kwana, kai naka ido da hannu. Ba za ka tsaya ba, ba za ka koma baya ba, ba za ka kauce ba. Abu ɗaya ke hannunka: ɗan akwatin saiti da kake yawo da shi a fuskar tele.

Dangin tsoho ne. Sega ta fitar da Space Harrier a 1985, Nintendo ta kawo Star Fox a 1993, sai Panzer Dragoon a 1995, wanda wasu daga cikin ma'aikatansa suka zo suka yi aikin Rez. Shi Rez ya fito a Japan a ƙarshen 2001, a kan na'urorin wasa na Dreamcast da PlayStation 2, ƙarƙashin jagorancin Tetsuya Mizuguchi. An sabunta shi a 2008 da sunan Rez HD a kan Xbox 360, sannan Rez Infinite a 2016 a kan PlayStation 4, shekara ɗaya bayan haka ya iso kwamfuta. Wannan na ƙarshen nake bugawa, kuma shi zan yi magana a kai, ko da yake yankuna biyar na asali, wato matakan da aka raba wasan, iri ɗaya ne a dukkansu.

Labarin gajere ne. Akwai wata ƙirƙirarriyar basira mai suna Eden da ke riƙe da babbar hanyar sadarwa ta duniya. Bayanai sun yi mata yawa har ta fara shakkar kanta, ta shiga rufe kanta. Kai mai kutse ne da ya shiga cikin na'urar, kana rusa ƙwayoyin cutar kwamfuta da katangun tsaro don ka isa wurinta ka farkar da ita. Iyakar abin da kake buƙata ka sani ke nan. Sauran duk ido ne da kunne.

Shirin zama

Wannan matakin mutane ke rainawa, shi ne kuma yake raba wanda ya ji daɗin wasan da wanda ya ce shirme ne.

In a kwamfuta za ka buga, ana sayen sa a Steam, shagon wasanni na intanet, in PlayStation ce a shagonta na intanet. Ka sauke shi da dare lokacin da rezo, wato layin intanet, ya fi sakewa. Da ya sauka shi ke nan, wasan mutum ɗaya ne, ba sai da intanet kake buga shi ba. Ni na fi son kwamfutar hannu mai batir mai kyau, saboda dalilin da kowa ya sani: in wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanki, daga farkonsa za ka sake. Kowane yanki cikin huɗun farko bai wuce kamar minti goma zuwa sha biyar ba, don haka batir da aka cika ya isa ka yi biyu ko uku hankali kwance. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, kada ka ɗora kwamfutar a kan katifa ko filo, ka sa ta a kan tebur ko faranti inda iska za ta ratsa ƙarƙashinta. Da hunturu kuma ka share ƙurar da ke toshe mata ƙofofin iska, don in ta yi zafi hoton zai fara tsinkewa, kuma wasan da aka gina a kan kiɗa ba ya jure tsinkewa.

Sai kunne. Ka nemi abin saurare na kunne, ko da ekutar ɗin waya ce, in dai kunnuwan biyu na aiki. Lasifikar kwamfutar hannu ba ta fitar da ƙasan sauti, wannan bugun mai nauyi da ake ji a ƙirji, kuma shi ne ƙashin bayan wasan. Na taɓa gwada shi a fada da rana tsaka, ana hira, ana zuba shayi, babura na wucewa. Ban ji komai ba sai harbi. Daga ranar na bar shi sai bayan isha'i, in gari ya yi shiru.

Ka rage hasken ɗakin, amma kada ka kashe duka. Ka bar ɗan fitila a bayanka, ka ja baya daga tele kamar taku biyu ko uku. A nan dole in yi magana da babbar murya: wasan nan cike yake da walƙiya da launuka masu sauyawa da sauri. Duk wanda ke da farfaɗiya, ko aka san walƙiyar haske na tayar masa da ita, kada ya buga, kada ma ya zauna kallo, sai likita ya amince. Wanda bai da ita ma, in ya ji jiri, ko tashin zuciya, ko ido na yaji, ya dakata ya fita ya sha iska. Ƙananan yara kuma a tambayi iyayensu kafin a zaunar da su gaban sa.

Kafin ka fara, ka leƙa wurin saituna ka tabbatar girgizar manet a kunne take. Manet ɗin na bugawa a tafin hannunka daidai da kiɗan, kuma wannan bugun zai zama maka jagora in ido ya rikice. A nan ne kuma za ka duba sama da ƙasa na sanda. In ka tura sama akwatin saitin ya yi ƙasa kuma hakan bai yi maka ba, ka juya shi tun yanzu. Mai kwamfuta na iya amfani da linzaminta maimakon manet, saiti ya fi sauri da shi, sai dai ka rasa girgizar. Ni dai ban yarda da wannan musayar ba.

Hannu: riƙewa da saki

Maɓalli biyu ne kacal. A manet ɗin PlayStation, mai alamar X shi ne na harbi, mai da'ira shi ne na Overdrive, wanda zan zo kansa. Sandar hagu ke yawo da akwatin saiti.

Ga sirrin duka. Ka danne X, kada ka ɗaga yatsa. Yana danne, ka bi da akwatin a kan abokan gaba. Duk wanda akwatin ya taɓa an kama shi, za ka ji ɗan sauti siriri, ka ga lamba na ƙaruwa a jikin akwatin, 1, 2, 3, har zuwa 8. Takwas ne iyaka. Sai ka ɗaga yatsa, harsasan su tashi gaba ɗaya, kowanne ya bi wanda aka kama masa har ya same shi. Ba ka buƙatar bin su da saiti kuma. Da ka saki, ka sake dannewa nan take ka fara tara na gaba.

Duk wanda ya yi harbin tsuntsu da danƙo yana yaro ya san wannan a jikinsa. Ja ne, sannan saki. Wanda ke sakin danƙo bai ja ba, dutsen a gabansa yake faɗuwa. Ɗan yayata ya kwana biyu kafin yatsansa ya yarda ya zauna a kan maɓallin, don wasan ƙwallo ya saba masa da dannawa da ɗagawa. Abin da na sa shi yi shi ne ya ƙirga da baki. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, saki." Daga baya muka kai takwas.

Dalilin da ya sa tarawa ta fi shi ne wasan ba ya barin harbinka ya faɗi inda ya ga dama a cikin kiɗan. Kowane kamu, kowane harbi, kowace fashewa, na'urar na ɗan jinkirta ta ko ta daidaita ta har ta sauka a kan bugu. In ka saki takwas, sai su fashe ɗaya bayan ɗaya kamar an jera su, su zama wani zubi a cikin kiɗan da ba ya nan kafin ka yi shi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi. Kowace taɓarya na da gurbinta, ba mai karo da wata, kuma daga aikin daka sai ga kiɗa ya fito. Haka Rez yake mayar da harbi. Kai ne taɓarya ta uku. Ga kuma riba ta fili: makin da kake samu a kamu takwas ya ninka na harbin ɗai-ɗai nesa ba kusa ba.

Mizuguchi ya sha faɗin cewa abin da yake nema shi ne mutum ya ga sauti, ya ji launi. Don haka aka sadaukar da wasan ga Wassily Kandinsky, mai zanen nan ɗan Rasha da ya rasu a 1944, wanda ya yi ƙoƙarin zana kiɗa da fenti. Wani dattijo a gidanmu ya leƙo wata rana ya ga launukan na juyawa, ya ce, "Kai, wannan ai irin abin da masu shaye-shaye ke gani ne." Na fahimci damuwarsa, don mun ga abin da ƙwaya ta yi wa samari a garin nan. Na ce masa, "Baba, wannan da ruwan sanyi ake buga shi, kuma wanda hankalinsa ba ya jikinsa ba zai wuce yankin farko ba." Har yanzu a kan wannan nake. Wasan na son kai sarai da hannu natsattse.

Wa za ka fara kamawa

Tunda ba ka iya kaucewa, kariyarka ɗaya ce, ka harbo abin da aka jefo maka kafin ya iso. Yawancin abokan gaba wucewa kawai suke yi a jere, ba sa taɓa ka. Masu haɗarin su ne rokokin da wasu ke sakowa, suna tahowa kai tsaye, suna girma a fuskar tele. Duk lokacin da ka ga roka, ka bar abin da kake tarawa. Ko uku ka kama, saki, ka juya kanta. In ta matso sosai, wannan ne wuri ɗaya da dannawa da sauri ke da amfani, don harbin ɗai-ɗai ya fi saurin fita.

Bayan roka, sai wanda ya sako ta, don kada ya ƙara. Bayansa sai kayan taimako, shuɗi da ja, waɗanda zan zo kansu. Sauran jerin masu wucewa su ne na ƙarshe.

Wani abu da ba a gaya wa sabon shiga: babban abokin gaba mai taurin rai ana iya kama shi sau takwas shi kaɗai. Ka ajiye akwatin a kansa kana danne, lambar za ta hau har 8, ka saki masa duka. Kuma kada ka dinga jan akwatin da ƙarfi daga wannan gefe zuwa wancan. Abokan gaba a sahu suke zuwa, a layi ko a baka ko a da'ira. Ka sa akwatin a kan na gaba, ka bi sahun a hankali kamar mai shafa bango, ko ma ka tsaya wuri ɗaya su shigo da kansu. Da ka gama da su, ka maido akwatin tsakiya, don daga tsakiya ko'ina kusa ne.

Shuɗi da ja

Wasu abokan gaba in sun fashe sukan bar wani abu mai haske, shuɗi ko ja, yana shawagi. Ba a ɗaukarsa da jiki, harbinsa ake yi kamar kowa, kuma in ka yi jinkiri ya wuce.

Shuɗin shi ne ranka. Akwai ma'auni a ƙasan tele da ke cika da shi, in ya kai takwas sai surarka ta sauya zuwa ta gaba. Kana farawa da siffar mutum da aka haɗa da ƴan falle-falle, sai ta yi ta cika tana kyau, har ka kai wadda ke zaune ta harɗe ƙafafu a cikin ƙwallon haske, da waɗanda ke sama da ita. Duk bugu ɗaya da ka sha, ka sauka mataki ɗaya. Matakin ƙasa ɗan ƙwallo ne kawai, in aka same ka a nan wasa ya ƙare. Don haka kada ka ga siffar ta yi kyau ka ɗauka ado ne. Kowace siffa bugu ɗaya ce da za ka iya sha ka rayu. Sautin harbinka ma na sauyawa da siffar, wannan kuma wani daɗi ne na daban.

Jan shi ne Overdrive. Kana iya ajiye har huɗu. In ka danna da'ira, na ƴan daƙiƙoƙi mutuminka zai harbe duk abin da ke gabansa da kansa, har da rokoki. Shawarata, kada ka taɓa shi a cikin hanya sai in ka ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Tanadinsa na ƙaton da ke jiran ka a ƙarshen yanki ne, lokacin da zai cika tele da rokoki fiye da abin da takwas za ta iya kwashewa. Amma kuma kada ka mutu da huɗu a aljihu. Na sha ganin haka, mutum na ta adana har aka kashe shi bai danna ko ɗaya ba. In ma'aunin ya cika kuma ga wani ja ya fito, ka kashe ɗaya a kan taron da ya fi yawa, ka ɗauki sabon.

Dunƙulen da ke buɗe hawa

Nan ne na fi son a natsu, don nan mutane da yawa ke rasa yanki na biyar ba su san dalili ba.

Kowane yanki cikin huɗun farko hawa goma ne, kamar bene. Lokaci-lokaci wani abu zai ratso yana ɗauke da ɗan dunƙule mai kusurwa, kamar dunƙulen magi amma mai walƙiya. Ka harbi mai ɗauke da shi, dunƙulen ya fito fili, sannan ka kama shi sau takwas ka saki. Da ya fashe, tele zai yi fari, ka ji kamar an ja ka ta cikin rami, ka faɗo hawa na gaba. A nan kiɗan zai ƙaru da wani zubi, zanen ma ya ƙaru. A hawan farko bugu ɗaya ne kawai da ƴan layuka a cikin duhu. Kafin ka kai na bakwai ko na takwas, gini ya tashi kewaye da kai, kiɗan ya cika maƙil, manet na bugawa kamar zuciya. Wannan hauhawar ita ce wasan. Duk sauran abubuwa hidima suke mata.

Kowane dunƙule da ka fasa yana ƙara maka kashi 10 na abin da wasan ke kira bincike. In ɗaya ya kuɓuce maka, ba za ka cika 100 ba a wannan zagayen. Yanki na biyar kuwa yana buɗewa ne in ka cika 100 a yankuna huɗun nan. Saboda haka da ka hango mai ɗauke da dunƙule, in ba roka a gabanka, komai ya jira.

A ƙarshen yanki za a nuna maka kashi uku: na bincike, na abokan gaban da ka harbo, da na kayan taimakon da ka tsinta. A zagayen farko na farkon kawai ka sa wa ido.

Yankunan kuma kowanne da ƙasar da aka ɗauko zanensa. Na farko Masar, za ka ga dala da ginshiƙai an zana su da zaren haske. Na biyu Indiya, na uku tsohuwar Mesofotamiya, wato ƙasar Iraƙi ta yau, na huɗu Sin. Ɗan yayata da ya ga gine-ginen nan na zaren haske ya ce da ma a yi na Birni, tsohuwar unguwar garinmu, da fadar Sarkin Damagaram da zanen da ke jikin bangayen gidajen. Na daɗe ina tunanin maganar nan, don zanen magina na Hausa, da layukansa masu shiga juna, kamar don wannan wasan aka yi shi.

Ƙattin ƙarshe

Bayan hawa na goma sai ƙaton da ke gadin yankin, wanda yara ke ce wa bos. Sunayensu na duniyoyi ne: Earth, Mars, Venus, Uranus. Abin da ya kamata ka sani tun kafin ka isa shi ne ƙarfinsu ba ɗaya ba ne kullum. Wasan na duba yawan waɗanda ka harbo a hanya, ya ba ka ƙato daidai da hannunka, Mega ga wanda ya bar da yawa sun wuce, Giga ga na tsakiya, Tera ga wanda kusan bai bar kowa ba. Ke nan sabon shiga bai da abin tsoro, mai sauƙin za a ba shi. In kuma wata rana ka ga ƙaton da ka saba kayarwa ya zame maka wani iri, hannunka ne ya ƙaru.

Tsarin yaƙinsu kusan ɗaya ne. Akwai sulke, akwai zuciya a ciki. Ka ɓare sulken da kamu takwas-takwas, zuciyar ta bayyana, ka zuba mata, ya rufe ya sako rokoki, ka kwashe rokokin, a sake. Na farko ƙwallo ne da aka lulluɓe da faranti masu yawa, yana juyawa, shi ne makarantar da ake koyon wannan. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaɗayi, mutum ya ga zuciya a buɗe ya manta da rokar da ke tahowa ta gefe. Zuciyar za ta sake buɗewa. Siffar da ka rasa kuwa ba lallai ta dawo ba.

Na huɗu shi na fi so. Tarin tubala ne da ke haɗuwa su zama ƙaton mutum yana gudu a cikin dogon lungu, wani lokaci a gabanka, wani lokaci a bayanka, kiɗan na bin sawunsa. Karo na farko da na gan shi sai da na manta da harbi na ɗan lokaci. A nan ka yi amfani da Overdrive ɗin da ka tara, kuma ka lura, tubalan na watsewa su sake haɗuwa da wata siffa, a tsakanin nan ne zuciyar ke fitowa.

In ƙato ya yi ta kayar da kai har ranka ya fara ɓaci, akwai hanyar buga wasan da ake kira Traveling, inda ba a mutuwa. Ka shiga nan ka kalli yadda yake motsi ba tare da fargaba ba, ka haddace lokacin da yake sako rokoki, sannan ka koma na gaske. Ita ce kuma hanyar da nake ba baƙo ko wanda bai saba riƙe manet ba.

Yanki na biyar, da abin da ke bayansa

Ka ba shi lokacinsa. Ya fi sauran tsawo sosai, don haka kada ka fara shi in an kusa kiran salla ko batir ya yi rabi. Zanensa ya bar zaren haske ya koma wani abu mai kama da duniya, ana bi da kai daga cikin ruwa zuwa tudu zuwa sama, rubutu na fitowa tsakanin hawa da hawa. Abokan gaba sun fi yawa, amma shuɗi ma ya fi yawa, kuma kana buƙatar kowanne, domin a ƙarshe za ka sake haɗuwa da ƙattin nan huɗu a wata siffa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka isa ga Eden. Ka isa wurin da babbar siffa da Overdrive aƙalla biyu. Yadda labarin ke rufewa ya danganta da yadda ka buga, ba zan faɗa maka ba, ka gani da idonka.

Mai Rez Infinite na da ƙari, wani yanki da ake kira Area X, wanda aka yi sabo a 2016. A nan an sauke ka daga kan dogon. Kana iya juyawa ko'ina, ka ƙara gudu, ka taka birki, komai kuma an yi shi da ɗigo-ɗigon haske kamar ƙurar hunturu in hasken fitilar mota ya ratsa ta. Dokar hannu ba ta sauya ba, riƙe, tara, saki. Abin da zan ce kawai, kada ka yi gaggawa a cikinsa. Ka rage gudu ka juya ka dubi bayanka. An yi shi ne musamman don gilashin nan na VR da ake sawa a fuska, amma a tele ma yana da kyau, kuma wanda jiri ke saurin kamawa ya fi masa a tele.

In ka haɗa duka, mutum na iya gama wasan a dare ɗaya, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Akwai masu cewa wannan ya yi kaɗan ga kuɗin da aka biya. Ni ban gan shi haka ba, don ban taɓa jin wanda ya ce kiɗan kalangu ya yi gajere saboda ya ji shi jiya. Zagaye na biyu kake fara sanin ta ina sahu zai ɓullo, na uku hannunka ya riga idonka, daga nan sai ka koma neman kashi 100 na harbi, da fuskantar Tera, da hanyar da ake buga yankunan a jere ba hutu. In kana da manet fiye da ɗaya, akwai saitin da ke sa ta biyun ta yi ta girgiza da kiɗan ita ma. Ɗan yayata yakan ɗora ta a kan ƙirjinsa in ni ke bugawa, ya kwanta a tabarma yana kallo. Makon jiya ya cika bincike 100 a yanki na uku, saura na huɗu. Ya ce in bar masa kwamfutar a caje ranar Alhamis bayan isha'i.